Katakon sida na yamma da na gabas: wanne ne na shinge, wanne ne na akwati?

Dan_Ohayo:
Assalamu alaikum manyan kafintoci da magina. Shawara nake nema daga waɗanda suka san katakon Amurka. Aiki biyu ne a gabana: shingen bayan gida mai tsayin ƙafa 6 tare da ɗan dandamalin zama na katako, sai kuma akwatin ajiye kayan sanyi da manyan riguna. A kantin kayan gini akwai katako iri biyu, duka da sunan sida (cedar). Ɗaya an rubuta masa Western Red Cedar, dogaye ne marasa nauyi, launinsu ƙasa-ƙasa. Ɗayan an rubuta Aromatic Cedar, gajeru ne, ja da ratsin fari, ƙamshinsa har bakin ƙofa. Iri ɗaya zai yi mini aikin biyu? In ba zai yi ba, mene ne dalili?

Malam_Zarto:
Wa alaikumus salam. Ba itace ɗaya ba ne, ko jinsinsu bai haɗu ba. Na farkon shi ne Thuja plicata, yana fitowa a gaɓar yammacin Kanada da Amurka, wato Biritish Kolombiya da jihohin Washintan da Oregon har zuwa Aidaho. Ƙaton itace ne, yakan kai mita 60, shi ya sa kake samun falanki mai ƙafa 12 ko 16 miƙaƙƙe. Na biyun Juniperus virginiana ne, na gabashin Amurka da tsakiyarta, irin su Tenesi da Mizuri. Ƙaramin itace ne mai rassa tun daga gindi, saboda haka katakonsa siriri ne, gajere, cike da ido, wato gurbin reshe.

A busasshensa, na yamma kusan kilo 370 ne a kowace kubik mita, na gabas kusan kilo 530. A ma'aunin taurin katako na Janka, na yamma fam 350 ne, na gabas fam 900. Wanda ya saba da obeche a gida ya ɗauka nauyi da laushin na yamma kusan haka suke, sai dai obeche ba ya jure ruwa, shi kuwa wannan yana jurewa.

Don haka shinge da dandamali na yamma, akwati na gabas.

Oga_Sule_Kafinta:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a ƙara da cewa juriyar ruɓewar nan a cikin itacen take, ɓangaren nan mai duhu. Farin gefen da ke kusa da ɓawo ba shi da ita, a duka biyun. Idan ka je saye ka duba bakin kowane falanki. Wanda fari ya cinye rabinsa ka ajiye musu abinsu, ko ka kai shi inda ruwa ba ya taɓawa. Yawancin na yamma da ke kasuwa yanzu daga itatuwan da ba su tsufa ba ne, farinsu ya fi yawa, kuma ko jan nasu bai kai na tsofaffin dazuzzuka ƙarko ba.

Injiniya_Hauwa:
Ina da gyara kan maganar tauri, kada Ɗan Ohayo ya ɗauka na gabas ya fi ƙarfi ta kowace fuska. Tauri daban, ƙin lanƙwasa daban. Ma'aunin Janka yana nuna yadda saman katako ke jure lotsawa ne kawai. Wajen ƙin lanƙwasa in an ɗora nauyi, na yamma yana da kusan gigafaskal 7.7, na gabas kusan 6.1. Ka ga ke nan mai laushin ya fi tsayawa a miƙe. Sannan kowane ido a jikin na gabas wurin karyewa ne.

Duk da haka ni ba zan ba da shawarar a yi ƙashin dandamalin da ko ɗaya ba. Gindin da ke ɗauke da nauyi a yi shi da katakon fayin (pine) da aka dafa da maganin hana ruɓewa, wanda aka rubuta ya dace da taɓa ƙasa ko kusa da ita, sida ya zama shimfiɗar sama da abin dafawa. Idan falankin shimfiɗar mai kaurin inci ɗaya ne, tazarar sandunan ƙasa kada ta wuce inci 16 daga tsakiya zuwa tsakiya. In mai inci ɗaya da rabi ne za a iya kai wa 24.

Dan_Ohayo:
Na gode Hajiya. To dirkokin shingen fa, waɗanda za a binne? Su ma na yamma?

Baba_Tanko_Tenesi:
A nan ne na gabas yake da bakin magana, ɗana. Manoman kudu maso gabashin Amurka tun da daɗewa da shi suke kafa dirkar shingen gona, ɗanyen gungume yadda aka sare shi. Farin gefen yana ruɓewa cikin 'yan shekaru ya bar jan tsakiyar a tsaye shekaru da dama. Sharaɗin shi ne jan ya zama mai kauri. Gungumen da faɗinsa inci 6 ne amma jansa inci 2 kacal, dirka mai inci 2 ka binne, sauran na ƙasa ne. A manyan kantuna ba kasafai ake samun 4x4 na gabas, wato dirka mai kusan inci 4 ta kowane gefe, ba, sai ka nemi ƙananan injinan yankan katako na karkara.

Malam_Zarto:
Baba haka ne, sai dai 4x4 na gabas mai ƙafa 9 wanda yake miƙe kuma ja zalla, samunsa aiki ne. Ga mai shingen gida a cikin gari, mafi sauƙi dirkar fayin mai magani ko ta ƙarfe, sannan a lulluɓe da falankin sida na yamma. Dirkar na yamma a cikin ƙasa tana yi, amma daidai inda ta haɗu da ƙasa take fara ci, domin nan ne danshi da iska suke haɗuwa.

Tsarin shinge mai ƙafa 6: dirka kowace ƙafa 8 ko ƙasa da haka, sandar kwance uku ta 2x4, ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa. In ka sa biyu kawai falankin zai murɗe a tsakiya. Ƙasan falankin ya tashi daga ƙasa kamar santimita 5 don kada ya riƙa shan ruwa ta bakinsa. Ramin dirka ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa a garinku, in ba haka ba sanyi zai riƙa turo ta sama duk shekara har shingen ya karkace. Ofishin ba da izinin gini na gari yana da adadin zurfin. Kuma kafin ka haƙa komai ka kira 811, lambar da ake kira a Amurka kafin haƙa, su zo su yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Magini_Garba:
A zuba kankare a ramin, a gama magana.

Oga_Sule_Kafinta:
Garba, ba a nan aka gama ba. Kankaren da aka zuba ya rufe gindin dirka ta ƙasa ya zama kofi, ruwa ya shiga ba hanyar fita. Katako yana ƙanƙancewa in ya bushe, sai ɗan tsagi ya buɗe tsakaninsa da kankaren, ruwan sama ya bi nan ya kwanta. In za a sa kankare, a fara zuba tsakuwa inci 6 a ƙasan ramin, dirkar ta zauna a kan tsakuwar, kankaren ya kewaye gefe kawai, samansa kuma a yi masa gangare ya ɗan fi ƙasa tudu. A ƙasa mai tauri wasu tsakuwa zalla suke dannawa, inci 4 a daka, a ƙara 4 a daka, har sama.

Magini_Garba:
Tsakuwa zalla ba za ta riƙe dirkar ƙofa ba, Oga. Shinge mai ƙafa 6 da ba shi da tsagi iska tana tura shi da ƙarfi. Aƙalla ta ƙofa da ta kusurwa a ba su kankare. Maganar tsakuwa a ƙasa da gangaren sama na yarda.

Mai_Fenti_Kalgari:
Ba wanda ya taɓo ƙusa, kuma ita ce ta fi ɓata aikin na yamma. Katakon yana da sinadarai a jikinsa waɗanda in suka haɗu da baƙin ƙarfe da danshi sai su yi baƙi. Ƙusar gama-gari za ta bar maka baƙin zane yana gangarowa daga kowane kai bayan ruwan farko, kuma ƙusar kanta tana cinyewa. Ka sayi sitenles, lamba 304, in kusa da teku ne 316. In kuɗi bai kai ba, galbanaiz wadda aka tsoma a narkakken zinki, mai kaushin jiki. Mai sheƙin nan da aka yi wa siririn rufi da lantarki ba ta daɗewa.

Har ila yau kada a goge shi da soson ƙarfe, kada a yanka ƙarfe da giranda kusa da shi. Burbushin da ya zuba a kai kowanne zai zama baƙin ɗigo. In ya riga ya faru, ruwan oksalik asid yana cire shi, a shafa, a bari ya yi aiki, a ɗauraye sosai, da safar hannu da tabarau.

Injiniya_Hauwa:
Kuma tunda ƙashin na fayin mai magani ne, maganin yana da jan ƙarfe a ciki, shi ma yana cin ƙusar da ba ta da kariya. Dalili biyu ke nan na sayen sitenles. A shimfiɗa mai inci ɗaya, sukuru mai inci 2 da rabi, biyu a kan kowace sandar ƙasa, a ja su kamar santimita 2 daga gefe. A bakin falanki a fara hudawa da diril kafin a ɗaura. A rage ƙarfin diril ɗin, katakon yana da laushi, kan sukurun zai nutse ya bar rami, ramin kuma ya riƙe ruwa.

Hajiya_Mai_Shadda:
Ku yi haƙuri na katse ku, ni maganar akwatin ce ta dame ni. Da gaske ne ƙamshin na gabas yana kashe asu, ko talla ce kawai?

Malam_Zarto:
Hajiya, akwai gaskiya a ciki amma an ƙara mata gishiri. Man da ke jikin jan katakon yana iya kashe ƙananan tsutsotsin asun ulu waɗanda ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba, in tururinsa ya taru a wuri rufaffe. Ba ya kashe ƙwai, ba ya kashe manyan tsutsotsi. Rabin amfanin akwatin daga murfin da ya rufu ruf yake zuwa. Saboda haka a wanke kaya su bushe kafin a ajiye, domin gumi da maiƙon abinci su ne ke jawo asun. Ƙananan gutsattsarin sida da ake ratayawa a buɗaɗɗen wadirob ƙamshi kawai suke bayarwa.

Sannan asun da ake magana ulu da siliki da gashi yake ci. Shadda auduga ce, ba abincinsa ba ce. Abin da ke bin shadda shi ne ƙwaron nan mai launin azurfa da ke son sitati da danshi, maganinsa wuri busasshe.

Hajiya_Mai_Shadda:
To ai ni tsorona kada man ya ɓata farar shadda.

Mai_Fenti_Kalgari:
Yana iya ɓatawa, musamman sabon katako, kuma wajen ido ya fi tsatsowa. A naɗe fararen kaya a cikin tsohon zanen gado na auduga, kada su jingina da katakon kai tsaye. Leda ba ta dace ba, tururin man yana sa wasu robobi su yi danƙo.

Wannan ya kawo mu kan fenti. Cikin akwatin ba a shafa masa komai, a bar shi tsirara. In ka shafa banish ka toshe ƙamshin da ka saya da kuɗinka, sannan tururin yana narkar da shi ya yi ta kama hannu. A waje kuma, man katakon yana hana banish mai mai bushewa da wuri, musamman a kan ido. A fara da shalak (shellac) wanda aka cire wa kakinsa hannu ɗaya ko biyu, ya bushe, a bi da sanfefa mai laushi, sannan a ɗora abin da ake so. In ƙamshin ciki ya ragu bayan shekaru, sanfefa lamba 120 zuwa 180 a bi da ita sama-sama, zai dawo. Jan nan mai kama da shunayya kuwa kada ka sa rai zai zauna, haske yana mayar da shi ruwan ƙasa.

Oga_Sule_Kafinta:
Wajen haɗa akwatin: falanki mai kaurin inci uku bisa huɗu, ja ya fi yawa. Tunda sirara ne dole ka jera huɗu ko biyar ka manne su kafin ka sami faɗin gefe ɗaya. A goge bakin da asiton kafin a sa gulu, a manne nan take kafin man ya sake fitowa. A injin fere katako kada a ci fiye da milimita ɗaya a wuce ɗaya, kuma wuƙar ta zama mai kaifi, don jijiyar katakon tana juyawa a kewayen ido, sai ta ɓalle ta bar rami. Idon da ke motsi a cika shi da efoksi. Kowace ƙusa da sukuru sai an huda, na gabas yana da saurin tsagewa.

Akwai hanya mai arha. Ka yi akwatin da kowane katako mai kyau ko filawud, ka shimfiɗa siraran na gabas masu shiga juna a ciki. Su ne waɗanda ake sayarwa a kwali don cikin wadirob. A buɗe kwalin su kwana biyu ko uku a ɗakin kafin a kafa.

Abu_Kumasi:
Mu a nan Gana akwai wanda ake kira sidirela, ana shuka shi sosai a gandun daji. Shi ne ɗaya daga cikin biyun nan?

Malam_Zarto:
A'a Malam Abu, na uku ne. Cedrela odorata, asalinsa Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, aka kawo shi Afirka ta Yamma ana shukawa, har da Kwaddibuwa da kudancin Najeriya. Danginsa su ne maɗaci da dogon yaro. Nauyinsa yana tsakanin biyun, kusan kilo 470, taurinsa fam 600. Da shi ake yin akwatin tabar siga (cigar) da wuyan gita. Ga mai son akwatin kaya ko ƙofa a Kumasi ko Kano, shi ya fi kusa da hannu, yana da ƙamshi, yana da daɗin fere, ƙwari ba su cika son jansa ba. Aibinsa wani yakan tsatso da ƙaro ta cikin fenti in bai bushe da kyau ba. Shi ma sidar da ke jikin tutar Labanan da ta duwatsun Atlas na Maroko wani jinsi ne daban, Cedrus.

Sani_Rijiyar_Lemo:
Tambaya daga gida. In mutum ya shigo da na yamma Kano don rufin rumfa ko ado a bango, gara za ta ƙyale shi?

Injiniya_Hauwa:
Kada ka dogara da shi. Sunan da ya yi na jure ruɓewar danshi ne, wajen ƙwari juriyarsa tsaka-tsaki ce. Na gabas ya fi shi a nan. Duk wanda ka sa, kada ya taɓa ƙasa, a ɗora shi kan ƙarfe ko kankare inda za a riƙa ganin hanyar gara in ta fara gini. Kuma in ka haɗa kuɗin jirgi da kwastan, iroko ko tik sun fi shi ma'ana a wurinku.

Sai batun hunturu. Lokacin da danshin iska ya sauka wajen kashi 20 cikin ɗari, katako yana komawa kusan kashi 4 zuwa 5 na ruwa a jikinsa. Da damina in iska ta kai kashi 80, yana hawa wajen 16. Na yamma yana cikin katakan da ba su cika motsi ba, amma falanki mai faɗin milimita 140 zai iya raguwa da ƙaruwa kusan milimita 3 tsakanin lokutan biyu. A bar masa wurin motsi a wajen haɗi.

Dan_Kaji_Zariya:
Dusar katakon fa, za a iya shimfiɗa wa 'yan tsaki?

Baba_Tanko_Tenesi:
Kada ka sa musu, musamman ta na gabas. Ƙamshin da ke damun asu yana damun numfashin ƙananan tsaki a ɗaki rufaffe. Kai ma mai yankan ka kula. Ƙurar na yamma tana da wani sinadari, filikatik asid, wanda aka tabbatar yana jawo asma ga ma'aikatan injin katako. Abin da ke ruɗar mutane shi ne tarin da toshewar ƙirji sukan zo ne da dare, bayan an tashi aiki, sai a ɗauka mura ce. Takunkumin N95 aƙalla, a yi yanka da gugar sanfefa a waje ko da injin zuƙe ƙura. Wanda ya fara jin haka ya ga likita, kada ya ci gaba da shaƙa.

Dan_Ohayo:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya: shingen da dandamalin in shafa musu wani abu ko in bar su haka?

Magini_Garba:
Ka bar shingen haka. Cikin shekara ɗaya ko biyu zai koma toka-toka, kuma launi ne kawai ya canza, katakon lafiyarsa ƙalau. Ranar da ka fara shafa mai ka ɗauko wa kanka aikin da ba ya ƙarewa.

Mai_Fenti_Kalgari:
Garba, tokar ba ta zuwa bai ɗaya. Gefen da rana ke duka zai yi fari, gefen inuwa ya yi baƙi-baƙi da gansakuka, kuma saman katakon yana tsattsagewa da jiƙa da bushewa. Shinge a tsaye yake, ruwa na zubewa, za a iya haƙura da shi. Dandamali kuwa a kwance yake, ruwa da dusar ƙanƙara suna zama a kansa. A sa masa mai mai shiga jiki wanda ke da ɗan launi, launin ne ke tare hasken rana. Marar launi kwata-kwata ba ya kai shekara. Banish da duk abin da ke yin fata a sama kada a kusance shi a waje, zai ɓare, kuma kankare shi daga katako mai laushi wahala ce.

A auna danshin katakon da mita, ya sauka ƙasa da kashi 15 kafin a shafa. Yawancin falankin shinge ɗanye ake sayar da shi, ka taɓa ka ji sanyi da nauyi, wannan sai ya sha iska makonni. A shafa bakin da aka yanka sau biyu, nan ya fi shan ruwa. Shimfiɗar dandamali a sabunta duk shekara ɗaya zuwa biyu, shinge yakan kai uku ko fiye. In fenti mai rufe launi kake so, sai ka fara da firaima mai toshe tabo, in ba haka ba ruwan katakon mai launin shayi zai huda farin fenti ya fito. Wajen wanki kuma a yi hankali da injin feshin ruwa mai ƙarfi, yana yage saman na yamma ya bar shi da gashi-gashi. Burushi mai laushi da sabulun wanke katako sun isa.

Oga_Sule_Kafinta:
Tunda an ambaci ɗanye: ɗanyen falankin shinge a haɗa shi gam da juna, in ya bushe tsagi zai buɗe da kansa. Wanda ba ya son a leƙo gidansa ya ɗora wani falankin a kan kowane tsagi, ya hau inci ɗaya ta kowane gefe, amma katakon da zai saya zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. A dandamali kuma busasshen falanki a bar tazarar milimita 4 zuwa 5 don ruwa da ganye su wuce.

Baba_Tanko_Tenesi:
Ni dai har yanzu ina kan bakana game da dirka. Ɗan Ohayo, kafin ka sayi fayin mai magani ka tambayi ƙananan injinan katako na kudancin jiharku ta Ohayo da Kentaki, na gabas yana fitowa a can. In ka sami 5x5 mai ja sosai, gwada farashinsa da na kanti.

Malam_Zarto:
In ya samu, Baba, ya duba bakin biyu duka, ba na gindi kaɗai ba. Jan yana sirancewa zuwa sama, kuma masu sayarwa gindin suke juyowa waje.